Na taɓa shan wiwi a jami'a, zan samu izinin ganin sirrin gwamnatin Amurka?

Wani matashi ɗan ƙasar Amurka, injiniyan manhajar kwamfuta, ya aiko da tambaya. Wani kamfani da ke yi wa Ma'aikatar Tsaron Amurka aikin kwangila ya ɗauke shi aiki, da sharaɗin sai gwamnati ta ba shi izinin ganin bayanan sirri a matakin da ake kira Secret. Lokacin da yake jami'a a jihar Kolorado ya sha tabar wiwi kamar sau 20 cikin shekara 3, na ƙarshe shekara 2 da suka wuce. Sau 2 kuma ya karɓi ƙwayar Adderall, maganin ƙara mayar da hankali da sai da takardar likita ake sha, a hannun abokin ɗakinsa lokacin jarrabawa. Ba a taɓa kama shi ba. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya rubuta "a'a" a fom, tunda babu wanda ya sani kuma dokar jihar ta halatta wiwi. Yana so ya san ko ya faɗa ko ya yi shiru, kuma in ya faɗa ko aikin ya tafi ke nan.

Ƙanena, ka faɗa. Ka faɗi wiwin, ka faɗi Adderall ɗin, da ranaku da adadi gwargwadon yadda ka tuna. Na yi shekaru ina aikin jami'in tsaro a kamfanin kwangila, ni ne mai duba wannan fom kafin a tura shi, kuma tarihi irin naka yana cikin waɗanda aka fi gani. Ba zan yi maka alkawarin sakamako ba, domin ba ni nake yanke hukunci ba. Amma bisa abin da ka bayyana, fatan samun izinin nan yana da ƙarfi. Shawarar abokinka ce kawai za ta iya mayar da ƙaramar matsala ta zama wadda za ta bi ka har ƙarshen aikinka.

Bari in fara da wanda yake yanke hukuncin, domin mutane da yawa suna zaton kamfani ne. Kamfani yana nema maka izinin ne kawai, kai kanka ma ba ka da ikon nema da kanka. Hukumar DCSA ta Ma'aikatar Tsaro, wadda ta karɓi aikin binciken ma'aikata a watan Oktoban 2019, ita za ta bincike ka, masu tantancewa na gwamnati kuma su yanke hukunci. Ma'aunin da suke amfani da shi takarda ce mai suna SEAD 4, wadda ta fara aiki ranar 8 ga Yunin 2017, mai ƙa'idoji 13 daga A zuwa M. Ƙa'ida ta H ita ce ta shaye-shaye. Ƙa'ida ta E ita ce ta halin mutum, kuma a ƙarƙashinta maganar ƙarya a fom take. Riƙe waɗannan haruffa biyu, don duk amsata a tsakaninsu take yawo.

Akwai wani abu da ya kamata ka haɗiye tun yanzu. Wannan izini ba haƙƙin kowa ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi haka a 1988 a shari'ar Ma'aikatar Sojan Ruwa da Egan. Ba kamar shari'ar laifi ba ce, inda in an yi shakka a sallami wanda ake zargi. A nan in shakka ta rage, tsaron ƙasa ake fifitawa, a hana ka. Shi ya sa aikinka shi ne kawar da shakka, kuma babu abin da ya fi haifar da ita kamar a gano ka ɓoye wani abu.

Fom ɗin da za ka cike sunansa SF-86, a intanet ake cike shi. Sashe na 23 ne na ƙwayoyi. Yana tambaya ko cikin shekara 7 da suka wuce ka yi amfani da haramtacciyar ƙwaya, yana neman wata da shekarar farawa, da na ƙarshe, da sau nawa, da kuma ko kana da niyyar sake sha. Yana tambaya daban ko ka saya, ka noma, ka sayar ko ka yi safara. Yana tambaya daban ko ka yi amfani da maganin da sai da takardar likita ake sha ba bisa ƙa'ida ba, ko kai aka rubuta wa ko wani. Nan Adderall ɗinka ya faɗa. Mutane suna raina wannan tambaya saboda a ganinsu magani ne, amma Adderall yana rukuni na 2 a jerin ƙwayoyin da dokar tarayya take sa wa ido, inda rukuni na 1 ya fi tsanani, kuma shan na wani laifi ne. Wasu tambayoyin kuma ba su da iyakar shekara 7, cewa suke "ka taɓa": ko ka taɓa sha alhali kana riƙe da izinin sirri, ko kana ɗan sanda ko wani aikin da ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye, ko an taɓa umartarka ka nemi magani, ko ka taɓa nema da kanka. Sashe na 22 kuma yana tambaya ko an taɓa tuhumarka da laifin da ya shafi giya ko ƙwaya, komai daɗewarsa.

An amince da wani sabon fom a ƙarshen 2023, PVQ, wanda ya raba wiwi da sauran ƙwayoyi kuma ya taƙaita tambayar shanta zuwa kwana 90. Ana shigo da shi a hankali. Kai dai ka amsa tambayar da ke gabanka kamar yadda aka rubuta ta, kada ka amsa ta fom ɗin da ka ji labarinsa.

A farkon sashe na 23 akwai wani bayani da yawancin mutane suke tsallakewa saboda fargaba, alhali shi ne zai kwantar musu da hankali. Gwamnati ta rubuta cewa amsarka ta gaskiya a wannan sashe, da duk abin da aka gano ta dalilinta, ba za a yi amfani da su a matsayin hujja a kanka a shari'ar laifi ba. Wato faɗin cewa ka sha wiwi ba zai kai ka kotu ba. Ƙarya kuwa tana iya kai ka: sashe na 1001 na kundi na 18 na dokokin tarayya ya tanadi ɗauri har na shekara 5 ga wanda ya yi wa gwamnati ƙarya da gangan a irin wannan takarda. Ba kasafai ake gurfanar da mutane a kan wannan ba, gaskiya, amma ƙwace izini da rasa aiki ana yin su sosai. Haka kuma ni da nake duba fom a kamfani, doka ta taƙaita ni ga duba ko an cike shi daidai. Ba ni da izinin ɗaukar abin da na gani in kai wa shugaban sashenka.

Maganar cewa Kolorado ta halatta wiwi ba za ta taimake ka ba. Gaskiya ne masu zaɓe a jihohin Kolorado da Washington sun halatta shanta don nishaɗi a 2012, jihohi da dama kuma sun bi sahu. Amma izinin nan na gwamnatin tarayya ne, dokar tarayya ta 1970 kuma ta sanya wiwi a rukuni na 1. An daɗe ana batun sauke ta zuwa rukuni na 3, Ma'aikatar Shari'a ma ta gabatar da shawarar haka a watan Mayun 2024, sai dai ko a wane rukuni take, shanta don nishaɗi laifi ne a dokar tarayya. James Clapper, lokacin yana Daraktan Leƙen Asirin Ƙasa, ya fitar da takarda a watan Oktoban 2014 yana cewa dokokin jihohi ba su canza ma'aunin tantancewa ba. Kuma ka tuna ko dokar Kolorado ta 'yan shekara 21 zuwa sama ce, yawancin ɗaliban jami'a kuwa ba su kai ba lokacin da suka fara.

To ga ɓangaren da yake gefenka. A watan Disambar 2021 Avril Haines, wadda ta riƙe wannan kujera daga baya, ta fitar da ƙarin bayani cewa shan wiwi a baya don nishaɗi abin dubawa ne amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A dubi mutum gaba ɗayansa: shekarunsa lokacin da ya sha, sau nawa, yaushe ya daina, me ya yi da rayuwarsa daga baya. SEAD 4 ɗin ma ta lissafa abubuwan da ke sassauta laifin. Na farko, abin ya daɗe, ko bai yi yawa ba, ko ya faru a yanayin da da wuya ya maimaitu. Na biyu, mutum ya amsa abin da ya yi kuma ya nuna ya daina da gaske, ta hanyar rabuwa da abokan shaye-shaye, da guje wa wuraren da ake sha, da sa hannu a takardar alkawarin ba zai sake ba, yana amincewa cewa in ya sake a ƙwace izinin. Akwai kuma wanda ya zarce da shan maganin da aka rubuta masa bayan doguwar rashin lafiya sannan ya daina, da wanda ya kammala shirin magani likita ya yi masa kyakkyawan zato.

Duba naka da wannan ma'auni. Shekarun jami'a ne, jami'a ta ƙare. Sau 20 cikin shekara 3 bai kai sau ɗaya a wata ba. Ka daina shekara 2 da suka wuce, tun kafin ka san da wannan aiki, kuma wannan yana da nauyi ƙwarai a idon mai tantancewa. Hausawa sun ce kowa ya tuba don wuya ba lada, su ma haka suke kallon wanda ya daina mako 2 kafin ya cike fom: ya daina ne don ya canza, ko don yana son albashi? Kai ba ka cikin wannan zargi.

Kowa yana tambayata wata nawa ya kamata a yi ba a sha ba. SEAD 4 ba ta sa adadi ba, alƙalan da ke sauraron waɗannan ƙararraki ma sun sha cewa babu tsayayyen layi. A nawa ganin, wanda ya ɗan taɓa wiwi jifa-jifa kuma ya shekara bai sha ba yana kan ƙasa mai ƙarfi. Wanda ya yi shekaru yana sha kullum yana buƙatar fiye da haka. Hodar iblis, da heroin, da makamantansu sun fi nauyi, sayarwa kuma wani babi ne daban, don tana jawo ƙa'ida ta J ta aikata laifi. Doka ɗaya ce ta rufe ƙofa ruf, wato gyaran dokar da ake kira Bond na 2008, wanda ya hana ba da izini ga mai shan haramtacciyar ƙwaya a halin yanzu ko wanda ta zame masa jaraba. Wanda ya sha a da ya daina ba ya ciki.

Yanzu bari in tsaya a kan shawarar abokin naka, domin nan ne na ga mutanen kirki sun cuci kansu. Ya ce babu wanda ya sani. Amma kai da kanka ka ce a hannun abokin ɗakinka ka karɓi ƙwaya, kuma ba kai kaɗai ka sha wiwin ba. To ka ga akwai waɗanda suka sani. Binciken matakin Secret yawanci duba takardu ne da rumbunan bayanai, kuma mai yiwuwa ƙaryar ta wuce a wannan karo. Ba zan ɓoye maka haka ba. Sai dai injiniya mai shekarunka da wuya ya tsaya a Secret. Bayan shekara 3 ko 4 za a so a ɗaga ka zuwa matakin da ke sama da shi, Top Secret. A nan mai bincike zai zauna da kai, ya je wurin mutanen da ka lissafa, sannan ya tambaye su wa kuma ya san ka, ya je wurin waɗanda ba ka lissafa ba. In aikin ya shafi hukumomin leƙen asiri irin NSA ko CIA, za a ɗaura maka na'urar gano ƙarya. Tsohon fom ɗinka kuma yana ajiye, za a jera shi kusa da sabon.

A ranar nan zaɓi biyu za ka samu, ka maimaita ƙaryar ko ka amsa cewa ka yi ta. Wiwin a lokacin ta tsufa, ta wuce shekara 5, babu wanda zai damu da ita. Ƙaryar ce za ta zama abin tuhuma, a ƙarƙashin ƙa'ida ta E, kuma ita ba ta tsufa da sauƙi, domin kullum da ka shiga ofis da izinin da ka samu ta hanyarta, kana ci gaba da cin moriyarta. Na taɓa zama da wani ma'aikacinmu haziƙi a irin wannan hali. Abin da ya ɓoye bai kai naka ba. Ya rasa izinin, aka rasa inda za a sa shi a kamfanin, ya tafi yana da mata da ƙananan yara. Har yau abin yana damuna, don da ya faɗa tun farko, ina kyautata zaton layi biyu na bayani sun ishe shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan aiki kuma gwamnati ce take riƙe da ma'aunin zurfinsa.

Dalilin da ya sa suke tsananta wa ƙarya haka ba son rai ba ne. Duk tsarin riƙe sirri a kan maganar mutum ya dogara. In ka manta ka bar takardar sirri a kan tebur, ko wani baƙo ya riƙa yi maka tambayoyin da ba su dace ba, kai ake jira ka kawo rahoto, ko da rahoton zai jawo maka faɗa. Wanda ya ɓoye abin kunyarsa a fom ya riga ya nuna abin da zai yi a wannan rana. Sannan sirrin da kake ɓoye wa gwamnati makami ne a hannun duk wanda ya sani, zai iya yi maka barazana da shi. Abin da ka riga ka rubuta da hannunka kuwa babu mai tsorata ka da shi.

In da ka taɓa cike wani fom na gwamnati a baya, na horon ɗalibai ko na shiga soja, ka rubuta "a'a" a kan wannan tambaya, to lamarin ya ɗan canza. Ƙa'ida ta E tana sassauta wa wanda ya gyara kuskurensa da wuri, da kansa, kafin a tsare shi da hujja. A wannan hali ka ga lauya mai wannan fanni kafin ka tura komai.

Game da yadda za ka rubuta, kada ka rage kuma kada ka ƙara. In sau 20 ne kada ka ce "sau 2 ko 3", don mai bincike zai sake tambayarka baki da baki, kuma labarin da ke canzawa ya fi munin adadi illa. Fom ɗin ya yarda da ƙiyasi, ka nuna cewa ƙiyasi ne. In ka taɓa saye da kuɗinka, ko a shagon da jiha ta ba lasisi ne, ka amsa tambayar saye da "e". Kada ka yi wa'azi a kan cewa dokar tarayya ta tsufa. Tambayar ko za ka sake sha kuma tana son "a'a" maras kwana-kwana. Wanda ya rubuta cewa zai daina "muddin yana riƙe da izini" ko "har sai an halatta" ya jawo wa kansa matsala, domin rashin ɗaukar alkawari bayyananne yana cikin abubuwan da ƙa'ida ta H ta lissafa a matsayin dalilin hanawa.

Daga ranar da ka sa hannu, babu sauran sassaucin ƙuruciya. Shan ko da sau ɗaya bayan nan, ko bayan an ba ka izini, ya fi duk abin da ka yi a jami'a muni, kuma shi ne ya fi wuyar wankewa. Katin likita na jiha ba ya kare ka. Tafiya Kanada, inda aka halatta wiwi a watan Oktoban 2018, ba ta kare ka. Ka yi hattara da man CBD, wanda ake samu daga ganyen wiwi, da alawoyinsa: dokar noma ta 2018 ta yarda da abin da sinadarin THC ɗinsa, wato mai sa maye, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, amma abin da aka rubuta a kwalba ba kullum yake gaskiya ba, kuma in gwajin fitsari ya nuna, kai za ka yi bayani. Takardar Haines ta 2021 ta yi gargaɗi a kan wannan, ta kuma yi gargaɗi a kan sayen hannun jari kai tsaye a kamfanonin wiwi. Sai batun abokai. Ba a ce ka yanke zumunci da duk wanda ka sani a jami'a ba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In har yanzu kana zama a ɗaki ana busawa a gabanka, za a tambaye ka, kuma amsar ba za ta yi daɗi ba.

Abu biyu suna rikita masu nema. Na farko izinin wucin gadi, wanda ake bayarwa kafin a gama bincike. Ana iya hana ka shi saboda abin da ka bayyana, wannan kuma ba hukuncin ƙarshe ba ne, mutane da yawa suna samun cikakken izini bayan haka. Ka tambayi kamfanin tun yanzu ko suna da aikin da ba na sirri ba da za ka riƙa yi kafin nan. Na biyu, sharaɗin ɗaukar aiki daban yake da izinin sirri. FBI, alal misali, ta sa wa masu neman aikinta sharaɗin shekara 1 babu wiwi da shekara 10 babu sauran haramtattun ƙwayoyi. Irin waɗannan sharuɗɗa na kowace hukuma ne, suna kuma canzawa, don haka a duba na lokacin da ake nema.

In abin bai tafi daidai ba, ba a hana ma'aikacin kwangila izini a ɓoye. Za a aiko maka da takardar dalilai, ana lissafa abin da ake zarginka da shi ɗaya bayan ɗaya, kana da kwana 20 ka amsa. Kana iya neman a saurare ka gaban alƙali a DOHA, ofishin sauraron ƙararraki na Ma'aikatar Tsaro, ka kawo shaidu da takardu, ka ɗauki lauya da kuɗinka, ka kuma ɗaukaka ƙara. In an hana ka a ƙarshe, sai bayan shekara 1 za a iya sake nema maka. Ofishin yana wallafa hukunce-hukuncensa a intanet ba tare da sunaye ba. Ka karanta guda 10 na ƙa'ida ta H, ka lura da waɗanda aka haɗa musu da ƙa'ida ta E, za ka ga bambancin da idonka.

Kafin ka buɗe fom ɗin, ka zauna da takarda da biro ka rubuta wata da shekarar da ka fara, da na ƙarshe, da inda kake zaune a kowane zango, da ko ka saya ko ba ka aka yi, da lokutan jarrabawa biyun nan na Adderall. Tsofaffin hotuna da saƙonnin waya suna taimakawa wajen tuna ranaku. Sannan ka rubuta gajeriyar takardar alkawari cewa ba za ka sake ta'ammali da haramtacciyar ƙwaya ko maganin wani ba, kuma ka amince duk ranar da ka sake a ƙwace izinin. Ka sa hannu da kwanan wata, ka ajiye kwafi, ka tafi da ita ranar da mai bincike ya kira ka. Ka kuma ajiye kwafin fom ɗin da ka tura, don shi za ka buɗe a gabanka duk lokacin da aka ce ka cike wani.